Jarkoki Goma Sha Tara na Malam Kwalba

Shekara ashirin da bakwai Malam Kwalba ya yi yana ɗebo ruwa, amma ko kofi ɗaya babu wanda ya taɓa sha. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Tun ranar da aka fara ganinsa yana gangarawa kogi da jakar kwalabe a kafaɗa aka laƙa masa wannan, ya yi faɗa, ya yi zagi, sunan ya ƙara kama shi.

Garinsu a kan dutsen farar ƙasa yake zaune, irin dutsen da ruwa ke rarake wa ciki a hankali. Kogin garin ma ba ya tafiya a fili kamar sauran koguna. Yakan nutse a bayan tsauni, ya yi tafiyarsa a ƙarƙashin ƙasa, sannan ya ɓullo ta bakin wani kogo a gindin gari. A saman kogon aka gina tashar binciken ruwa, ɗaki huɗu da sito da tsohon ɗakin famfo da aka daina amfani da shi. Duk Litinin da Alhamis Malam Kwalba zai sauka matakala ɗari da goma sha biyu zuwa bakin kogon, ya ɗauraye kowace kwalba sau uku, ya nutsa ta, ya rufe ta tun tana cikin ruwan don kada iska ta samu wurin zama. Duk sanda aka yi ruwan sama kuma zai hau rufin tashar ya kwaso abin da mazurari ya tara. Aikin ke nan, kuma bai taɓa fashi ba sai makon da matarsa ta rasu.

Ubansa mai ƙona farar ƙasa ne, shi ma da can nan ya nufa. Wata tsohuwar masaniya, wadda ta kafa tashar, ta ɗauke shi dako, ta ga ba ya zubar da abu kuma ba ya ƙarya, sai ta koya masa aikin da bakinta. Ba ta rubuta masa komai ba. Cikin abin da ta nanata masa har ya haddace akwai wannan: “Kwalbar ruwan sama, kada asid ya taɓa ta, ko da wasa. Tataccen ruwa kawai. Tsamin ruwan muke nema, in ka zuba naka tsamin me za mu auna?”

Kada a ɗauka mutumin kirki mai fara’a nake ba da labari. Malam Kwalba masifaffe ne, ga riƙo. Gaisuwarsa gajeriya, tsakinsa dogo. Abu ɗaya yake tinƙaho da shi a duniya, wato babu wanda ya taɓa kama shi da ha’inci, kuma yakan tuna wa mutane hakan ko ba su tambaya ba.

Babbar abokiyar gabarsa ita ce matar da ke auna ruwan a ɗakin gwaji, wadda shi ya sa mata Malama Sikeli. Tana sabuwar zuwa ta zubar masa da kwalba ɗaya, wai ya rubuta kwanan wata ba daidai ba. Aka duba, shi ne da gaskiya. Ita ba ta ba da haƙuri ba, shi bai yafe ba, suka kwashe shekara ashirin da ɗaya ba sa ga maciji. Zai dire kwalabe a tagarta ya ce wa bango, “A gaya wa mai awo ruwa ya iso.” Ita kuma ta ce wa sikelinta, “A gaya wa mai kwalba ya goge ƙafarsa.” Manya biyu masu furfura, kullum haka.

Shekara goma sha tara da suka wuce babban ofis ya aiko da sabon fom na wata-wata. Wani da bai taɓa riƙe kwalba ba ya kwafo shi daga wani littafi, ya sa layi ɗaya tal a kan wanki: an wanke duk kwalabe da asid, an ɗauraye. Gabansa ɗan akwati, ƙasansa wurin sa hannu. Malam Kwalba ya kai wa Tsohuwa. Lokacin ta gaji, saura wata biyu ta ajiye aiki. Ta duba ta saman tabarau ta ce, “Yi musu alamar, takarda tasu ce. Kai dai ka yi yadda na koya maka.”

Ya yi alamar. Sito kuma ya riƙa ba shi jarkar asid ɗaya duk shekara, don mai sito ba ya sakin tataccen ruwa sai an haɗa da ita. Ya rasa inda zai kai ta. Zubarwa a ƙasa ba ta yiwu, ƙasar nan duk abin da ta sha kogi take kai wa. Mayarwa kuma sai ya yi bayani a gaban Malama Sikeli, wanda gara masa mutuwa. Sai ya jera su a tsohon ɗakin famfo, ya sa kwaɗo, ya riƙe makullin. Kwalaben ma duka, na rufi da na kogi, ya ci gaba da wanke su da tataccen ruwa. Tsohuwa ta tafi, bayan shekara huɗu ta rasu, maganar ta bi ta kabari.

Ana nan aka kawo sabon Darakta, mutum mai sanƙo da takalma masu ƙyalli, wanda tun da ya zo bai taɓa sauka matakalar nan ba. Kamfanin simintin da ke hayin kogi, mai dogon bututun hayaƙi, ya yi masa maraba da sabuwar mota da fentin tasha. Kafin shekara ta zagayo an kafa ƙaton allo a bakin gada: kogin nan na shanye hayaƙinmu, masana sun tabbatar.

Maganar tana da ɗan tushe, shi ya sa ta yi daɗin sayarwa. Ruwan sama yakan kwaso iskar kabon daga sama da cikin ƙasa, ya ɗan yi tsami, ya ci dutsen farar ƙasa, ya tafi da kabon ɗin a narke zuwa kogi. Saboda haka ake cewa gwargwadon dutsen da ya narke a ruwa, gwargwadon kabon da aka rage wa sama. Shekarun baya-bayan nan kuma dutsen sai ƙara narkewa yake, kamfani na ta tafi da murna.

Malama Sikeli ce ta ɓata musu biki. Ta zauna da sakamakon kwalaben rufi na shekara da shekaru, ta rubuta rahoto mai shafi tara. Ruwan saman garin, in ji ta, ba tsamin kabon kaɗai ke gare shi ba, akwai asid ɗin farar wuta, irin wanda hayaƙin kwal ke haifarwa. Shi wannan asid ya fi saurin cin dutse, amma ba ya ɗauko komai daga sama. Kabon ɗin da ke kwance a cikin dutsen yake tonowa, wani ma ya sake shi ya koma iska. Kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da kamfani ke alfahari da shi, ɓarnar hayaƙinsa ce yake ƙirgawa a matsayin alheri.

Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Darakta ya kwana uku yana juya takardu yana neman inda zai soke rahoton, har ya faɗa kan fom ɗin wanki. Ya aika a duba sito, aka ce masa ai asid ɗin da ake bayarwa shi ma na farar wuta ne. Ranar ya yi wa kowa fara’a har da mai shara.

Ya kira Malam Kwalba ofis, ya ba shi kujera, abin da bai taɓa yi ba.

“Baba, aiki ya yi kyau. Amma ɗan Adam ajizi ne, ido na tsufa, hannu na gajiya. Da asid kake wanke kwalabe, ga sa hannunka nan wata bayan wata. In ɗauraya ba ta fita ba, ɗigo ɗaya ya isa ya sa ruwa tsami. Ka gane?”

“Ban gane ba, ranka ya daɗe.”

“Tsamin da Malama ta gani, daga kwalabenka yake, ba daga sama ba. Ba laifi ba ne, kuskure ne.” Ya turo masa wata takarda. “Ranar Alhamis mutanen kamfani da na babban ofis za su zo. Ka sa hannu a nan cewa mai yiwuwa ɗaurayar ba ta cika ba. Sai mu ajiye sakamakon rufi gefe, kai kuma mu yi maka liyafar sallama, da takardar yabo a cikin gilashi.”

“Na shekara nawa za a ajiye?”

“Duka mana. Ai ba a san wanne ne mai kyau ba.”

Malam Kwalba ya dubi takardar bai taɓa ta ba. Sau dubu nawa ya hau tsanin nan da jiƙaƙƙen takalmi, sau biyu ya faɗo, haƙarƙarinsa na hagu har yau yana tuna masa in an yi sanyi. Yanzu mai sanƙo zai share duka da biro ɗaya, ya kuma ce masa ƙazami cikin ladabi. Ya miƙe ya ce zai yi tunani, ya fita bai rufe ƙofa ba.

Tunanin bai da daɗi ta kowane ɓangare, gaba kura baya siyaki. In ya bar fom ɗin a matsayin gaskiya, aikinsa na rayuwa ya zama shara. In ya ceci aikin, sai ya tsaya gaban mutane ya ce sau ɗari biyu da ashirin da takwas ya sa hannu a kan abin da bai yi ba. Shi, wanda ya ishi gari da cewa ba a taɓa kama shi da ha’inci ba.

Ranar Talata da la’asar ’yarsa ta zo gidan da mijinta. Ita kaɗai Allah ya ba shi, mijin kuma foman ne a kamfanin simintin. Tun ranar ɗaurin aure suruki da suruki ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba. Ta share tsakar gida, ta wanke masa kwanuka biyun da ya bari, sannan ta zauna a bakin tabarma.

“Baba, don Allah ka sa musu hannu. Me za ka rasa? Ka gaji, ka huta.”

“Shi ya aiko ki, ko ke kika kawo shi?”

Foman ya gyara zama. “Baba, ni ba faɗa na zo yi ba. Mutum ɗari huɗu ke cin abinci a wurin nan. In rahoton nan ya fita za a sa mu canja tukunyar wuta, a rufe layi ɗaya, kuma kowa ya san surukin wa ya ɗebo ruwan. Ni za a fara kallo.”

“To su kalle ka mana, ai kana da kyau.”

“Baba!” in ji ’yar.

“Ruwa ba ya tsami banza, yaro. Kwanon rufina sau biyu na canja shi cikin shekara goma, na ubana ya yi talatin. Shi ma ban ɗauraye shi ba ne?”

Foman ya miƙe yana kaɗe wando. “Taurin kan nan dai ba zai ciyar da jikokinka ba.”

“Da can ma ba kai ka ciyar da uwarsu ba har ta girma.”

Suka tafi ba sallama. ’Yar ta waiwayo daga ƙofa idonta ya cika, shi kuma ya kawar da kai yana neman abin da bai ɓata ba a ƙarƙashin tabarma. Ya so ya kira ta, girman kai ya hana.

Washegari ya je ajiye kwalaben wanki, sai ya tarar da Malama Sikeli tsaye a tagarta. Ba sikeli take kallo ba, shi take kallo.

“Malam.”

Ya waiga ya ga ko akwai wani Malam a bayansa.

“Da kai nake. Shekara ashirin da ɗaya ina sa kwalabenka a na’ura. Wani lokaci nakan zuba tataccen ruwa a wadda ka wanke in auna, don in kama ka. Ban taɓa samun ko ƙanshin asid ba. Na kai wa Darakta, ya ce ban rubuta a littafin aiki ba, don haka ba hujja ba ce.”

“Wato shekara ashirin da ɗaya kina yi mini tarko.”

“Ƙwarai. Kuma da ka faɗa da na yi murna.” Ta gyara tabarau. “Babu hannun da ke ɗauraya haka. Ba ka wanke su da asid, ko?”

Ya ci gaba da jera kwalabensa a taga. Ta ƙara da cewa:

“Ban tambaya don ina tausayinka ba. Rahotona ne zai mutu. In kana da abin nunawa ka nuna, in ba ka da shi ka je ka karɓi gilashinka.”

“Ba ke za ki koya mini abin da zan yi ba.”

“Allah ya kiyaye. Wa ya isa?”

Ranar Alhamis ya sauka kogo da sassafe kamar kullum, ya dire kwalabe shida a taga. Ƙarfe goma baƙi suka hallara a babban ɗaki: mutum biyu daga babban ofis, injiniyan kamfani da foman a bayansa riƙe da jaka, Darakta a bakin tebur, Malama a can ƙarshe ta harɗe hannu. An ajiye takardar da biro a gaban kujerar da babu kowa.

Sai aka ji kukan baro a baranda. Malam Kwalba ya turo shi har tsakiyar ɗaki, a kan sabon kafet, ya sauke jarkoki biyar. Ya juya ya fita. Sawu huɗu ya yi, tayar baron na kukan neman mai. Da ya gama ya jera su bisa shekara, goma sha tara, ƙura ta yi musu hula, kowace da hatimin sito a bakinta ba a fasa ba.

“Mene ne wannan?” in ji Darakta.

“Asid ɗinku ne, ranka ya daɗe. Ku ƙirga. Ban taɓa buɗe ko ɗaya ba.”

Babban cikin mutanen ofis, wani siriri mai sanyin murya, ya tashi ya duba hatiman ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka kawo littafin sito ya gwada lambobi. Sannan ya ɗago fom ɗaya.

“Malam, wannan hannun wa ne?”

“Nawa ne.”

“Ya ce ka wanke da asid.”

“Haka ya ce.”

“Ka wanke?”

“Ban wanke ba.”

“To ƙarya ka rubuta ke nan.”

Kalmar ta dake shi fiye da yadda ya zata. Ya buɗe baki zai ce Tsohuwa ce ta sa shi, sai ya ga rashin kyan jingina laifi ga matar da ke kabari, wadda ba za ta iya cewa e ko a’a ba. Ya haɗiye.

“Ƙarya na rubuta. Duk wata, shekara goma sha tara. Amma ruwan da na kawo, yadda ya sauko haka na kawo shi.”

Darakta ya yi wuf ya ce to ai shi ke nan, wanda ya yi ƙarya a takarda zai yi a kwalba, a zubar da komai. Malama ta ce daga inda take, ba ta ko ɗaga murya ba, “Yallaɓai, ai kai ka ce asid ɗinsa ne ya ɓata ruwan. Ga asid ɗin nan a rufe. Sai ka nemo mana wani.” Siririn ya rubuta wani abu, ya ce sakamakon rufi yana nan daram, rahoto zai wuce sama yadda yake. Maganar ma’aikacin da ya yi shekaru yana sa hannun ƙarya kuwa, wannan doka ta riga ta yi bayani.

Injiniyan kamfani ya fita yana waya. Foman ya bi shi, da ya zo daidai surukinsa ya ce ƙasa-ƙasa, “Ka kyauta, Baba,” ya wuce.

Takardar kora ta fito cikin mako biyu, da dalili a rubuce ƙarara: rashin gaskiya a bakin aiki. Darakta da kansa ya sa aka manna kwafinta a allon sanarwa na bakin ƙofa, inda masu wucewa kasuwa ke gani. Babu liyafa. Malama Sikeli ba ta yi masa sallama ba, shi ma bai nema ba. Allon bakin gada an sauke shi bayan wata uku, aka ce za a sake fenti, ba a mayar ba. An rufe layi ɗaya a kamfani na wani lokaci, aka mayar da foman aikin da ya fi nasa ƙanƙanta, ’yar kuma ta koma aiko da gaisuwa ta bakin mutane.

Gari bai karanta rahoto mai shafi tara ba, amma kowa ya karanta takarda mai layi huɗu. Waɗanda Malam Kwalba ya yi shekaru yana yi wa gorin gaskiya suka samu abin taɓawa a bakin shago.

A unguwarsu, tun da daɗewa, in za a sayar da fili ko a raba gado shi ake kira shaida, don an san ko ɗan’uwansa ne ba zai kare shi ba. Wata Asabar da hantsi yana zaune a ƙofar gida yana gyara rediyo, maƙwabcinsa tela ya fito da takardun gidan da zai saya, mai sayarwa na biye da shi. Tun watan jiya telan ya roƙe shi ya zama shaidarsa. Malam Kwalba ya ajiye rediyon, ya shafa aljihu ya ji bironsa na nan, har ya fara yunƙurin tashi.

Tela ya rage tafiya. Mai sayarwa ya raɗa masa wani abu.

“Sannu da hutawa, Malam,” in ji tela, idonsa a ƙasa. “Yi zamanka, kada mu wahalar da kai. Za mu leƙa wurin mai kemis ne, ya sa mana hannu.”

“Ku gaishe shi,” in ji Malam Kwalba.

Ya bi su da kallo har suka sha kwana. Sannan ya koma ya zauna, ya ɗauki rediyon, ya daɗe yana juya shi a hannu bai tuna wace ƙusa yake kwancewa ba.